Mai Awon Hasken da Ba a Gani



Shekara 22 ke nan ina riƙe da alƙalamin Maigida, dattijon unguwarmu a nan Kumasi. Ni ke rubuta masa wasiƙu, ni ke riƙe da littafin gudummawa da na baƙi, ni ke karanta masa takardun hukuma gwargwadon ɗan Turancin da na tsinta da girmana, domin ni ɗan makaranta ne, ban yi sukul ba. Da allo na fara, na sauke, na zauna gaban malamai na karanta fiƙihu da nahawu da abin da ya sauƙaƙa na rabon gado. A cikin waɗannan shekaru an kawo gaban Maigida rigingimun aure da na fili da na bashi ba adadi. Ƙarar karatu kuwa sau ɗaya tak aka taɓa kawo masa, kuma daga cikin gidanmu ta fito. Kafin in kai ga ƙarar, dole in fara da yayarmu.

Yaya, Allah Ya jiƙanta, ba ta samu haihuwa ba, sai ƙanina ya ba ta riƙon 'yarsa tun daga yaye. Wata shekara ta ji ƙullutu a mamanta, ta ɓoye shi kusan shekara guda saboda kunya. Da abin ya ƙi ɓoyuwa aka kai ta asibiti. Likita ya ce sankara ce, za a yi aiki, a ba ta magani ta jijiya, bayan nan a sa ta a wata na'ura a yi makonni ana haska wurin. Da Turanci ya yi bayaninsa, wata nas ta maimaita da Tuwi, yarinyar nan tana 'yar shekara 15 ta riƙa juya mana da Hausa. Da ta zo kan na'urar sai ta rasa kalma. Ta yi shiru, ta dubi rufin ɗaki, can ta ce, "Wai za su gasa wurin." Yaya ta ja mayafinta ta ce a kai ta gida. Ta ce ita ba tsire ba ce, kuma ba za ta ɗanɗani wuta tun a duniya ba.

A mota yarinyar ta yi ta cewa ba haka likitan yake nufi ba, ya ce ba zafi, ba a ma jin komai lokacin da ake yi. Ba wanda ya saurare ta. Ni ne babban namiji a gidan, ni kuma ake kira malam, da na ce a koma da an koma. Abin da na ce shi ne a dakata tukuna a gwada na gida. Na yi mata rubutu, aka nemo sassaƙe, aka shafa abin shafawa. Har gobe ban raina addu'a ba, na kuma san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma a duk fiƙihun da na karanta babu inda aka ce addu'a ta hana neman magani wurin masaninsa. Tsoro ne ya yi magana da bakina ran nan, na yafa masa rigar tawakkali. Bayan wata 8 muka koma da ita a kwance, suka ce abin ya bazu. Ba ta ga azumin shekarar ba.

Yarinyar ba ta taɓa tuna mini maganar motar nan ba, ko da wasa. Ta koma gidan ubanta, ta gama sakandare a ɓangaren kimiyya, ta samu shiga jami'ar Kwame Nkrumah da muke kira Tek, ta yi shekara 4 tana karatun fiziks. Mu dai mun ɗauka malamar sukul za ta zama, kuma ba mu ga laifin haka ba. Sai da ta gama shekarar hidimar ƙasa, ga mai neman aure ya riga ya aiko da gaisuwa, sannan ta faɗi abin da ke ranta: tana son ta tafi Akra ta ƙara shekara 2, ta karanci fiziks na asibiti, wato ilimin wannan haske da Yaya ta guda. Uban ya ce atafau. Uwar ta rasa yadda za ta yi, ta kawo maganar zauren Maigida.

Ƙanina dillalin tsofaffin ƙarafa ne, mutum mai kaifin hankali a kan cinikinsa, kuma ya zo da hujjojinsa a shirye. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na tambaye ta ko likita za ta zama, ta ce a'a. Nas? Ta ce a'a. Mai ɗaukar hoton ƙashi? Ta ce shi ma daban ne. To wane irin aiki ne wannan da ba shi da suna? Sannan kowa ya san wannan wuta tana kashe mahaifa. In ba da 'yata ta je ta dawo juya?" Ya ƙara da maganar kuɗi da ta mai jiran aure, amma kowa a zauren ya gane maganar haihuwar nan ita ce ta tsaya masa a wuya, shi da ya ga yadda rashin ɗa ya yi wa Yaya.

Maigida ya yi shiru yana jan carbi. Da ya ɗago sai ya dube ni ya ce, "Malam, ba a yin hukunci a kan dabbar da ba a san tunkiya ce ko akuya ba. Je ka gano mana mene ne wannan karatu, ka dawo ka faɗa mana da Hausa."

Dare 3 na yi ina zama da ita bayan lisha, ni da takarda da alƙalami, ita a gefen tabarma. Na zama ɗalibin yarinyar da na yi wa huɗuba ranar da aka haife ta.

Ta fara da cewa haske iri-iri ne, wanda ido ke gani kaɗan ne daga cikinsa. Akwai wani mai ƙarfin da yake ratsa nama kamar yadda rana ke ratsa labule, Turawa na ce masa radiyeshan. Wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano irinsa a 1895, hoton hannun matarsa ya ɗauka da shi, ƙasusuwa da zobe suka fito. Wannan haske idan ya yi yawa yana lalata abin da ke cikin ƙwayar halitta wanda take hayayyafa da shi. Ƙwayoyin sankara saurin hayayyafa gare su, kuma ba su iya gyara kansu kamar masu lafiya ba. Saboda haka ake ba da shi kaɗan-kaɗan, kwana 5 a mako, na tsawon makonni, don lafiyayyen nama ya riƙa farfaɗowa tsakanin yau da gobe, mugun kuwa ya riƙa mutuwa. Ana kuma harbo shi ta kusurwoyi daban-daban su haɗu a kan ƙarin, yadda wurin ciwon zai sha da yawa, na kewaye su sha kaɗan. Ba ta ɓoye mini ba, fatar wurin takan yi duhu, wani lokaci ta saɓule, mutum yakan ji kasala. Amma babu wuta, babu garwashi, mutum yana kwance ne na 'yan mintoci ya tashi.

Na ce to wannan ai aikin likita ne. Ta ce, "Baba Malam, likita shi ke cewa a ba wane kaza. Wa ke tabbatar da cewa kaza ɗin na'urar ta bayar, tunda ba a ganin abin, ba a jin warinsa, ba a taɓa shi?" Ma'auninsa ana kiransa gire. Mai sankarar mama ana iya ba ta gire 2 kullum har sau 25, ya zama 50, duk a kan wuri guda. Amma gire 5 kacal, in aka watsa wa jikin mutum gaba ɗaya a lokaci guda, yana iya kashe shi. Ƙa'idar masana ita ce kada abin da ya isa jikin majinyaci ya kauce wa abin da likita ya rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. In ya gaza, ciwon ya dawo, in ya zarce, an yi wa mutum lahani. Mai tsaron wannan iyaka shi ne mai karatun da take so. Shi ke gwada na'ura, shi ke lissafa ta ina hasken zai shiga da tsawon lokacin da zai ɗauka, shi ke duba kaurin bango, shi ke da ikon cewa yau ba za a kunna ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan kobal. Ta ce na'urorin da aka fara aiki da su a Korle Bu a 1997 da asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Ji, a 2004, wani ɗan ƙarfe ne a cikinsu mai suna kobal, yana fitar da hasken da kansa dare da rana, ba a kashe shi, sai dai a rufe shi cikin darma. Ƙarfinsa kuwa raguwa yake yi a kan tsari. Bayan shekara 5 da wata 3 saura rabi. Bayan wasu kamarsu saura rabin rabi. Na ce, "Tsaya. Nusufi, sannan rubu'i, sannan sumuni?" Ta ce haka ne. Na ajiye alƙalami na yi dariya, domin wannan shi ne tsanin da na sha bulala a kansa a darasin gado: rabon miji rabi ko rubu'i, rabon mata rubu'i ko sumuni. Ta ce a kowane wata ƙarfen yakan rage kamar kashi 1 cikin 100, don haka mintocin da aka ba majinyaci bara ba su ne na bana ba, sai an sake lissafi. Daga baya an kawo wasu na'urori masu aiki da lantarki, ana ce musu linak, waɗanda in an kashe su hasken ya ɗauke, amma su ma sai an gwada su kowace safiya kafin a kwantar da mutum na farko.

A nan ne abin ya shige ni. Mai rabon gado idan ya yi kuskure, maraya ba ya sani, ya ci gaba da rayuwa da abin da aka ba shi yana godiya. Malaminmu yakan ce shi ya sa ba a ba wa mai gaggawa wannan ilimi. Na ga aikin da take nema ɗan'uwan wancan ne. Majinyaci ba zai taɓa sanin an cika masa mudu ko an tauye ba, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa ganin fuskar mai awon ba.

A dare na ƙarshe na kawo maganar ubanta. Ba ta ce tsoronsa banza ne ba. Ta ce mutanen farko sun sha wuya, domin ba su san haɗarin ba. Marie Curie, wadda ita da mijinta suka gano radiyom a Faransa a 1898, ciwon jini ne ya kashe ta a 1934 bayan shekaru tana ɗaukar abin da hannu, har yau littattafanta a cikin akwatunan darma ake ajiye su. Daga irin wannan aka koyi ƙa'idoji. Ma'aikaci ba ya cikin ɗakin lokacin da na'ura ke aiki, yana bayan bangon kankare yana kallon majinyaci ta talabijin. In ka ninka nisanka da abin sau 2, abin da zai same ka ya koma rubu'i. Kowane ma'aikaci yana maƙale da wani ɗan bajo a ƙirji mai tara lissafin abin da ya taɓa shi, ana karɓa a karanta. Ma'aunin wannan sunansa milisiba. Iyakar ma'aikaci 20 ne a shekara, alhali kowane ɗan Adam, ko bai taɓa shiga asibiti ba, yana samun kimanin 2 da ɗoriya daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci. Mace kuma da zarar ta sanar tana da ciki, sai a tsara aikinta yadda abin da zai kai ga ɗan ba zai wuce 1 ba har ta haihu.

Ban tsaya a ji ba. Ta roƙi wani da ya riga ta a Tek, yana wannan aiki, ya nemar mini izini na shiga sashen bayan an tashi. Na ga bango wanda kaurinsa ya fi gaba guda, na ga hanyar shiga ɗakin a lanƙwashe, wai don kada hasken ya samu miƙaƙƙiyar hanyar fita. Na tarar da shi ya ɗora wani akwatin gilashi cike da ruwa a kan gadon majinyata, ya zura ɗan ma'auni a ciki. Ya ce jikin mutum yawancinsa ruwa ne, don haka a kan ruwa ake gwada na'ura kafin a gwada a kan ɗan wani. Na tsaya ina kallon gadon. Irinsa ne Yaya ta ƙi hawa.

Ranar da aka koma zaure na ba da rahotona kamar yadda na ba ku. Na ƙara da abin da na bincika na makarantar: tana Kwabenya, wurin da ake kira Atomik, inda Nkrumah ya aza harsashin aikin nukiliya a 1964, aikin ya tsaya bayan juyin mulkin 1966, sai a 1994 aka samu ƙaramin injin bincike daga Sin. Jami'ar Ghana da Hukumar Makamashin Nukiliya ta ƙasa suka buɗe makarantar a 2006, har daga wasu ƙasashen Afirka ana zuwa karatu. Ƙanina ya saurara, bai ce komai ba, fuskarsa ba ta saki ba.

Sai yarinyar ta nemi izinin magana. Ta durƙusa ta ce, "Baba, in sikelinka yana cin kilo 5 a cikin kowane 100 ba ka sani ba, me zai faru?" Ya ce, "Kafin wata 3 na karye, ko kuma in ci haram." Ta ce to ita mai duba sikeli take so ta zama. Sannan ta ba shi wani labari da aka koya musu. A 1987, a garin Goiania na ƙasar Brazil, wasu mutum 2 masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka kwance kan tsohuwar na'urar haska sankara, suka sayar wa wani dillali. Da dare ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi, ya yi sha'awa, ya kai gida, ya rarraba wa dangi da abokai. Mutane suka fara amai, fata tana ƙuna, likitoci suna zaton wata cuta ce. Matarsa ce ta zargi abin, ta sa shi a jaka ta shiga bas ta kai wa jami'an lafiya. Wanda ya zo da ma'auni ya gane mene ne, mai irin wannan karatu ne. Mutum 4 suka mutu, har da matar da wata 'yar ɗan'uwan dillalin mai shekara 6. Sai da aka gwada mutum fiye da 100,000.

Ƙanina ya tambaya yaya ake gane irin wannan ƙarfe. Ta zana masa alamar a bayan takardata, kamar fanka mai fiffike 3 a kan rawaya. Ya daɗe yana duba ta, ya ninke ya sa a aljihu.

Maigida ya yanke cewa ta tafi, ta sauka gidan wata ƙanwar uwarta a Madina, a kuma buɗe mata shafi a littafin gudummawa. Dalilinsa ya fi nawa faɗi. Shekaru da yawa wuraren wannan magani 3 ne kacal a ƙasar da ta haura mutum miliyan 30, biyu a Akra, ɗaya a nan Kumasi. Duk wanda aka turo daga Tamale ko Wa ko Bawku sai ya nemi masauki na mako 5 ko 6, kuma zango ne masaukin baƙo tun zamanin fataken goro. Ɗakunan bayan gidan Maigida ba sa rabuwa da irin waɗannan baƙi, ni ke rubuta sunayensu. Na sha rubuta ranar zuwan mutum, bayan kwana 10 in rubuta ya koma gida bai ƙarasa ba, ko kuɗi sun ƙare, ko wani ya tsorata shi. Maigida ya ce, "Mun daɗe muna ba su tabarma da tuwo. A samu namu guda ɗaya a can ciki wanda zai ba su magana."

Kada in sa ku zaci komai ya tafi daidai. Mai neman auren bai jira ba, ya auri wata, kuma ban ga laifinsa ba. Karatun ya ci kuɗi fiye da yadda na rubuta a ƙiyasina, sau 2 ina zagaya 'yan kasuwa da littafi. Bayan shekara 2 ɗin sai da ta ƙara guda tana koyon aiki a ƙarƙashin manya kafin majalisar da ke kula da ma'aikatan lafiya ta yi mata rajista. Duk wanda ɗansa ke sha'awar wannan hanya ya sani tun daga sakandare ake ɗaura ta, da lissafi mai zurfi da fiziks, kuma daga shiga jami'a zuwa kama aiki ya ƙirga shekara 8. Guraben aikin ma ba su da yawa, tunda wuraren kaɗan ne. Ita kanta ta yi zaman jira mai tsawo, har yanzu kuma ba a tabbatar da ita ba. Ubanta idan ransa ya ɓaci yakan tuna mini da auren da ya wuce. Idan kuwa yana cikin abokansa a wurin awon ƙarfe, inda ya manna alamar fankar nan a jikin ƙofa, cewa yake yi 'yarsa likita ce. Ta gaji da gyara masa.

Ni ma da na zo cike gurbin sana'arta a littafin unguwa na rasa abin rubutawa, kamar yadda ta rasa kalma ran nan a gaban likita. Na daɗe da alƙalami a hannu, sannan na rubuta da ajami: mai awon haske. Kalmar gashi kuwa na roƙi Maigida a daina faɗinta a zaurensa, ya amince. Haskawa muke cewa.

A watan jiya wata dattijuwa daga Bawku ta sauka a ɗakin baya tare da 'yarta da jikanta mai rarrafe. Na lura tun da aka fara haska ta ba ta yarda yaron ya matso ta, ta ware kwanonta da butarta, tana kwana a bakin ƙofa. Na tambayi 'yar, ta ce an gaya musu wai wutar tana bin jikinta gida, za ta kama yaron. Na san amsar, amma ban yarda da kaina ba, na kira 'yar ƙanina a waya na miƙa wa tsohuwar. Na ji tana ce mata, "Inna, in kin sha hantsi kin shiga ɗaki, rana kan biyo ki? Irin wannan da ake miki daga waje, da an kashe na'ura ya ƙare, ba abin da ya rage a jikinki. Ɗauki jikanki." Tsohuwar ta sa ta maimaita har sau 2, ta tambaye ta 'yar wane gida ce. Saura kwana 9 ta gama, kuma kuɗin motar komawarsu bai cika ba tukuna, shafinta yana nan buɗe a wurina ga wanda Allah Ya hore wa.